MacMhuirich: Sunan da ya fara da saran gatari, ya ƙare a almakashin tela

Duk mai zama gidan kallon ƙwallo ya saba da sunayen nan masu farawa da Mac ko Mc. Ga McTominay da ya bar Manchester United ya koma Napoli, ga McGinn na Aston Villa, ga kuma Mac Allister na Liverpool da ya ɗaga kofin duniya da Ajantina a 2022, har wasu ke tambayar me ya kai mai irin wannan suna Ajantina. Kwanakin baya gardama ta kaure a wani zauren WhatsApp da nake ciki. Wani ya kafe cewa ai Mc na mutanen Ayalan ne, Mac kuma na mutanen Sikotilan. Ya faɗa da irin ƙarfin halin wanda ya gani a TikTok. To ba haka ba ne. Mc gajarta Mac ce kawai, kuma ana samun kowanne a ƙasashen biyu. McTominay da McGinn ai Sikotilan suke bugawa.

A harshen Gelik, wanda shi ne tsohon harshen Ayalan da na tsaunuka da tsibiran Sikotilan, Mac na nufin ɗa. MacDonald ɗan Donald ke nan. Harafin O da kuke gani a gaban sunaye irin O'Shea kuma asalinsa Ó ne, wato jika. Mace ba ta ɗaukar Mac a harshen, nata Nic ne.

Gardamar nan ce ta sa na shiga tono, na faɗa kan wani suna da ba za ku taɓa gani a bayan rigar ɗan ƙwallo ba: MacMhuirich. Kar rubutun ya tsorata ku. Haruffan "mh" suna ba da sautin nan da ke tsakiyar Liverpool, wanda mu muke mayarwa "b", ƙarshen sunan kuma da ɗan karce maƙogwaro irin na harafin kha a Larabci. Shi ya sa Turawan Ingila da suka ji shi suka rubuta MacVurich. A yau da wuya ka ga wannan suna a fasfo ko a katin banki. Amma gidan da ya ɗauke shi ya yi kusan shekara ɗari biyar yana sana'a guda ɗaya, uba ya miƙa wa ɗa, ɗa ya miƙa wa jika: waƙar fada da riƙon tarihin sarakuna. Kuma duk abin ya samo asali ne daga kisan kai.

Mai karɓar haraji da ya yi baƙar magana

Shekarar 1213 ce, a Lissadell, wani wuri a bakin teku a yankin Sligo da ke yammacin Ayalan. A nan wani mawaƙi mai suna Muireadhach Ó Dálaigh yake zaune. Gidan Ó Dálaigh, waɗanda yau ake rubutawa Daly ko O'Daly, su ne gidan waƙa mafi shahara a Ayalan ta wancan zamani. Sarkin arewa maso yammacin ƙasar, Domhnall Mór Ó Domhnaill, ya aiko wakilinsa, wani Fionn Ó Brolcháin, ya tattaro haraji. Mutumin ya shiga gidan mawaƙin, magana ta yi zafi, ya gaya masa baƙar magana. Muireadhach na riƙe da gatari mai kaifi. Sara ɗaya ya yi masa, mutumin ya faɗi matacce.

Daga nan sai gudu. Kundin tarihin Ayalan da ake kira na Malamai Huɗu ya bi sawunsa daki-daki. Ya fara fakewa wajen gidan de Burgh, Turawan Norman da suka kafu a yammacin ƙasar. Ó Domhnaill ya taso da runduna, aka kore shi. Ya gangara kudu wajen gidan O'Brien, rundunar ta biyo shi. Ya shiga garin Limerick, aka yi wa garin ƙawanya har mutanen gari suka fitar da shi. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu har Dublin. Can ma sarkin ya taka da kansa, ya tilasta a kore shi daga ƙasar baki ɗaya. Sai ya haye ruwa zuwa Sikotilan.

A lura fa, wannan kundi an haɗa shi ne tsakanin 1632 da 1636, shekara ɗari huɗu bayan faruwar abin, kuma a Donegal, ƙasar gidan Ó Domhnaill ɗin. Ba mamaki a ɗan ƙara wa sarkin gishiri. Amma kisan kansa ba ƙage ba ne, domin shi Muireadhach ya ambace shi a waƙar da ya yi yana neman mafaka. Abin da ya fi ba ni haushi a waƙar shi ne babu ko ɗigon nadama. A wajensa ƙaramin saɓani ne: wani talaka ya zage shi, shi kuma ya kashe shi, to me ya kawo fushin sarki har haka? Mutum aka kashe fa, ɗan aike da aka tura aiki. Amma wannan girman kai yana nuna maka matsayin da mawaƙin fada yake ganin kansa a kai.

A ƙarshe dai, in ji kundin, ya yi wa sarkin waƙoƙin yabo uku yana neman gafara, aka yafe masa, har aka ba shi ƙasa. Sai dai zaman da ya yi a ƙetare ya bar masa laƙabin da ya bi shi har yau, Albanach, wato mutumin Alba, sunan Sikotilan a harshensu. Ya kuma bar zuri'a a can. Su ne 'ya'yan Muireadhach, Mac Mhuireadhaigh, wanda baki ya tauna ya koma MacMhuirich. Kun ga abin da ya faru ke nan: Ó na Ayalan ya zama Mac na Sikotilan a cikin gida ɗaya. Wanda ya yi gardama a zaurenmu, ga amsarka.

Hijirar ba ta yi masa wuya kamar yadda za ka zata ba. Tsakanin gaɓar Antrim ta Ayalan da bakin Kintyre na Sikotilan kusan kilomita 20 ne kawai, in gari ya yi haske kana hango wancan gefen. Kuma daga wajejen 1200 har zuwa ƙarni na 17, mawaƙan ɓangarorin biyu harshen adabi guda suke amfani da shi, mai ƙa'idoji tsayayyu, wanda ba shi ne na hira a kasuwa ba. Mawaƙi daga kudancin Ayalan zai iya tsayawa a fadar wani sarki a tsibiran Sikotilan ya gabatar da waƙarsa a fahimce shi. Abin da Muireadhach ya ƙetara da shi ke nan. Ba shi da gona, ba shi da shanu, amma yana da takardar shaidar da ake karɓa ko'ina, kuma a kansa take.

In na ce mawaƙi kar ku kawo mai gita a ranku. Wannan mutum malami ne da ke shafe shekara shida zuwa bakwai a makarantar waƙa yana haddar ma'aunai da nahawu da salsalar gidaje da tsoffin labarai. Bayanan da suka iso mana sun ce a ɗaki mai duhu ake tsara waƙa. A ba ɗalibi maudu'i, ya kwanta a gado yini guda ba fitila ba alƙalami, sai dare ya yi a kawo haske ya rubuta abin da ya ɗaure a kansa. Martin Martin, ɗan tsibirin Skye da ya wallafa littafi kan tsibiran yamma a 1703, ya ce na can har dutse suke ɗorawa a ciki, su lulluɓe kai da mayafi. Kuma babban mawaƙi ba shi ke rera waƙarsa ba. Yana da mai rerawa, yana da mai kaɗa masa wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, shi kuwa yana zaune kusa da sarki yana sauraro.

Me ya sa sarakuna ke ba su ƙasa da shanu da dawakai? Domin a wancan zamani, in aka tashi gardamar wa ya cancanci gado, salsalar da ke hannun mawaƙi ita ce hujja. Shi ne ma'ajin tarihi, shi ne kakakin fada, wani lokacin shi ne jakada. Kuma ana tsoron bakinsa. Mutane sun yarda cewa zambonsa na iya fito wa mutum da ƙuraje a fuska. Ko ba ka yarda da wannan ba, ka san abin da ake nufi da a ja mutum a gaban jama'a, kuma nasu jan ba ya gogewa bayan awa 24. Haddace shi ake yi.

A Sikotilan Muireadhach ya yi wa sarakunan Lennox waƙa, yankin da ke kewayen tafkin Lomond. Wasu waƙoƙin sun nuna ya yi tafiya har gabashin tekun Bahar Rum a zamanin yaƙin 'yan Salibiyya na biyar. Amma waƙarsa da aka fi tunawa ba ta sarki ba ce, ba ta yaƙi ba ce. Makokin matarsa ne, Maol Mheadha, wadda suka yi shekara ashirin tare ta haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya. An tsira da ita a wani kundi da aka haɗa a Sikotilan a farkon ƙarni na 16, kuma har yau ana karantar da ita a jami'o'i. Na kasa haɗa mutanen biyu a raina, mai gatarin da mai makokin. Amma mutum ɗaya ne.

Daga fadar Sarkin Tsibirai zuwa gonar Uist

Jikokinsa sun hau sama. Suka zama mawaƙan gidan MacDonald, masu sarautar da ake kira Sarkin Tsibirai, wadda ta riƙe kusan duk tsibiran yamma da gaɓar da ke fuskantarsu, tana da jiragen ruwanta da majalisarta, kamar wata ƙasa a cikin ƙasa. Ranar 24 ga Yuli 1411 Donald, Sarkin Tsibirai, ya kara da rundunar Alexander Stewart a Harlaw, kusa da Aberdeen, yaƙin da aka zubar da jini har ake masa laƙabi da ja. Waƙar zuga mayaƙa da ake dangantawa da wannan rana ta Lachlann Mòr MacMhuirich ce, kuma gininta abin kallo ne: jerin kalmomin zuga ne bi da bi bisa tsarin haruffa, a gama da masu farawa da A a shiga masu farawa da B, haka har ƙarshe. A 1485 kuma wani Lachlann na gidan ya sa hannu a matsayin shaida a wata takardar sarauta, aka rubuta muƙaminsa da Latin, babban mawaƙi.

Sai 1493 ta zo. Sarki James na huɗu ya ƙwace sarautar Tsibirai ya mayar da ita hannun gidan sarautar ƙasa. A can take har yau. In ka duba jerin muƙaman Yarima William, za ka ga Sarkin Tsibirai a ciki.

Gidan MacMhuirich bai faɗi tare da iyayen gidansa ba. Sun riƙe filaye a Kintyre na wani lokaci, daga baya suka koma ƙarƙashin wani reshen MacDonald da ake kira Clanranald, suka tare a tsibirin Uist ta Kudu, can bakin tekun Atlantika inda iska ba ta hutawa kuma itace ma da ƙyar yake tsayawa. Aka ba su gona a wani wuri mai suna Stilligarry da wani yanki na Drimsdale. Sharaɗin riƙon gonar shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk labarin. Ba kuɗin haya ake nema ba. Aikinsu su riƙe salsala da tarihin gidan MacDonald. Kuma in mawaƙin bai haifi ɗa namiji ba, wajibi ne ya koyar da ɗan ɗan'uwansa, don kar sana'ar ta yanke. Wato gona da ilimi da suna igiya ɗaya ta ɗaure su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A Uist suka fitar da manyan mawaƙansu. Akwai Niall Mòr, wanda ake jingina wa wani zambo mai zafi da aka yi wa algaitar nan tasu mai jakar iska, wadda yau ita ce tambarin Sikotilan a idon duniya. Su tsoffin mawaƙa ba su ɗauke ta a bakin komai ba, hayaniya ce ta sabbin shiga. Akwai Cathal a ƙarni na 17. Sai kuma wani Niall ɗin, wanda aka haifa wajejen 1637 ya rasu a 1726. Shi ya rubuta tarihin gidan MacDonald da ke cikin kundin da ake kira Jan Littafin Clanranald, har da labarin yaƙe-yaƙen 1644 zuwa 1645 da Montrose da Alasdair Mac Colla suka jagoranta. Dalilinsa na rubutawa kuwa, ya ga marubutan zamanin suna ba da labarin yaƙin ba tare da ambaton mutanensa ba, alhali su suka yi aikin. Duk wanda ya taɓa ganin an ba da labarin garinsu daga bakin wanda bai taɓa taka garin ba zai gane wannan zafi.

Amma ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashinsu. A 1609 gwamnatin Sarki James na shida ta sa shugabannin tsibirai tara suka amince da dokokin Iona, bayan an yaudari da yawansu zuwa cikin jirgin ruwa an tsare su. Cikin dokokin akwai cewa duk mai shanu sama da 60 ya tura babban ɗansa makaranta a kudu ya koyi Turanci. Akwai kuma wadda ta jera mawaƙa cikin 'yan zaman banza da mabarata da ya kamata a kora. Dokar ba ta kashe sana'ar nan take ba, Clanranald sun ci gaba da riƙe nasu fiye da shekara ɗari. Abin da ya kashe ta a hankali shi ne magajin gida ya tafi kudu ya dawo da Turanci a baki da bashi a wuya, ba ya gane harshen da ake yaba masa da shi, kuma lauya da takardar mallaka sun maye gurbin salsala.

Lokacin da aka kashe Allan, shugaban Clanranald, a yaƙin Sheriffmuir a 1715, tsoho Niall ya yi masa makoki iri biyu, ɗaya da tsohon harshen adabi, ɗaya da Gelik ɗin da jama'a ke magana da shi. Ni a ganina ya san masu jin na farkon sun kusa ƙarewa. Bayansa wani Dòmhnall ya ɗan riƙe sana'ar zuwa wajejen 1740. Sai yaƙin Culloden na 1746 ya zo ya karya ƙashin bayan tsarin sarautun gargajiyar baki ɗaya. Gonar Stilligarry ta fita hannun gidan.

Baƙon da ya zo neman littattafai

A 1760 wani matashi mai suna James Macpherson ya zaga tsibirai yana tattara tsoffin waƙoƙi da rubuce-rubuce. Cikin 'yan shekaru ya fitar da littattafai da Turanci ya ce fassara ce ta waƙoƙin wani mawaƙi na zamanin da can mai suna Ossian. Abin ya tashi kan Turai. Aka fassara shi zuwa harsuna da dama, Napoleon ma masoyinsa ne. Sai masu shakka suka taso, Samuel Johnson na Ingila a gaba, suka ce ƙarya ce, a nuna asalin rubutun. Abin da masana suka tsaya a kai daga baya shi ne ya tsinci tsoffin waƙoƙi na gaske, ya yi musu ƙari da kwaskwarima son ransa, ya sayar a matsayin fassara. Da a yau ne da mun ce ya kwashi aikin wasu ya yi masa fenti bai ambaci mai shi ba.

Bayan mutuwarsa wata ƙungiya a Edinburgh ta kafa kwamitin bincike, ta aika a ji ta bakin tsofaffi. Ta haka ne ranar 9 ga Agusta 1800, a wani gida a Torlum da ke tsibiran yamma, aka zaunar da wani mutum ɗan kimanin shekara 59 mai suna Lachlann MacMhuirich a gaban shaidu. Ba labarin gidansu aka zo nema ba, Ossian ake bincike. Amma abin da ya faɗa, wanda aka buga a rahoton kwamitin a 1805, shi ne ya zama babbar madogara kan ƙarshen gidan.

Ya jero sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi ne na goma sha takwas daga Muireadhach. Na ɗauki waya na buga lissafin: daga 1213 zuwa 1800 shekara 587 ne, a raba gida 18 ya ba ka kusan shekara 33 kowane tsatso. Lissafin ya zauna. Ya ce gidansu ya riƙe gonar tsawon tsatso goma sha biyar bisa sharaɗin nan da na faɗa. Ya ce ya tuna mahaifinsa na da rubuce-rubuce a kan fata, da wani littafi na takarda mai kauri da ake kira Jan Littafi, wanda shugaban Clanranald ya sa mahaifin ya miƙa wa James Macpherson. Har yau masana na muhawara ko wannan shi ne Jan Littafin da ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Edinburgh ko wani ne daban.

Sauran fa? Ya ce da aka raba su da gonar sai himma ta mutu. Wasu fatun wasu mutane sun ɗauke. Biyu ko uku kuwa da idonsa ya ga teloli sun yayyanka su sun yi tef ɗin awo. Fata ce mai ƙarfi, ba ta saurin yagewa, ta dace da aikin. Wasu sun rage a hannunsa bayan rasuwar mahaifinsa, amma da yake ba a koya masa karanta su ba, bai ga dalilin adana su ba, suka ɓace.

Ba na ganin laifin telolin, kuma ba na ganin laifin Lachlann. Mahaifinsa ya iya karatun, shi bai iya ba, tazarar ke nan, tsatso ɗaya tak. Uban da aka karɓe wa gonar da ake biyansa da ita, me zai sa ya zaunar da ɗansa shekara bakwai yana koyon harshen da ba mai saye? Igiyar nan da ta ɗaure gona da ilimi da suna, da aka yanke ta a wuri ɗaya sai duka suka watse. Abin da ya rage a bakin mutanen Uist shi ne tatsuniyoyin wani MacMhuirich Mòr mai sihiri, wanda ke iya kiran iska ta taso wa jirgin ruwa. An manta malamin, an riƙe boka.

To ina sunan ya shiga?

Bai mutu ba, sauya kaya ya yi. Rajistar haihuwa da ta haya da ta makaranta duk da Turanci ake cika su, kuma magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, ko abin da ya fi masa sauƙi. In ka furta sunan da sauri, "Ma" na farko ya faɗi, "c" ta manne da sauran, sai ka ji wani abu kamar Kurik. Daga nan Currie ya fito, kuma shi ne rigar da akasarin zuri'ar ke sanye da ita yau.

Wasu kuma suka koma MacPherson, kuma nan ne abin dariyar yake, in dariya ce. Dangin Macpherson na yankin Badenoch, su ma a Gelik ana kiransu 'ya'yan Muireach, amma wani Muireach ne daban, babu dangantaka. Da aka zo mayar da suna Turanci sai aka haɗa su a kwando ɗaya. Ka ga wasu daga jikokin masu Jan Littafi sun wayi gari suna amsa sunan mutumin da ya tafi da shi.

Hijira ta ƙarasa aikin. Gidan Clanranald ya sayar da Uist ta Kudu saboda bashi, ta faɗa hannun Kanar John Gordon na Cluny, wanda a 1851 ya sa aka cusa ɗaruruwan mutanen tsibiran cikin jiragen ruwa zuwa Kanada, wasu da ƙarfin tsiya. Sai a 2006 mazauna tsibirin suka haɗa kai suka sayi ƙasar da suke zaune a kai. Harshen kansa, ƙidayar 2011 ta samu masu magana da shi kimanin 57,000 a duk Sikotilan. A cikinsu ne sunan ke da sauran numfashi: mutumin da takardarsa ta ce Currie, in aka juya harshe zuwa Gelik, MacMhuirich ake kiransa.

Sai dai a yi hattara, kar wani ya je ya wallafa cewa Stephen Curry na ƙwallon kwando jikan mawaƙan Uist ne. Currie da Curry suna da tushe fiye da ɗaya. Akwai wani gari mai suna Currie a gefen Edinburgh da wasu suka samo sunan daga gare shi. Akwai Curry na Ayalan da ya fito daga Ó Comhraidhe, wani gida daban. Suna kuma na yawo ta hanyar aure da hijira da bauta da kuskuren alƙalami. Shafukan nan da za ka rubuta sunan dangi su fito maka da labari ɗaya mai daɗi da tambarin gida a sayar maka a jikin kofi ko riga, kasuwanci suke yi. A dokar Sikotilan ma babu wani abu wai tambarin duk masu suna kaza. Tambari na mutum ɗaya ne, kuma akwai kotu ta musamman da ke kula da shi. Abin da ke tabbatar da dangantaka shi ne takardu da salsalar da za a iya bi mutum bayan mutum, irin aikin da Farfesa Derick Thomson ya yi a kan wannan gida a ƙarnin da ya wuce, yana gwada abin da Lachlann ya faɗa da tsoffin takardun haya da na sarauta.

A Edinburgh akwai wani fili da ake kafa duwatsu da sunayen manyan marubutan ƙasar, kuma yanzu akwai na Lachlann Mòr, mai waƙar Harlaw, a cikinsu. Shi kuwa ɗaya Lachlann ɗin, na goma sha takwas, da aka gama rubuta bayaninsa a Torlum aka karanta masa, sai aka miƙo masa alƙalami. Wani ne ya rubuta masa sunansa a ƙasan takardar. Shi alamar X ya yi a tsakiya.